Aikin da Mai Kwanuka Ta Zaɓa

"Yi nishi, Mama. Kamar za ki haihu."

Mai Kwanuka ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, ta kafa wa fankar sama ido, ta yi nishi. Ta ji abin ya gangaro yadda ya saba, a hankali, da nauyinsa. Likitar, wadda ba za ta girmi autarta da komai ba, ta ce, "Ya isa haka." Ta zare safar hannu ta jefa a kwando.

"Tun yaushe yake fitowa waje?"

"An daɗe."

"Zoben robar da aka sa miki fa?"

"Na farko ya faɗo ina ɗaga kwali. Na biyu ya ci ni daga ciki har da jini. Ni na ce a cire shi."

Ta sauko daga gadon a karkace, ta juya baya ta mayar da tsumman da take tare abin da shi, ta ɗaura zaninta. Shekara da shekaru ke nan tana wannan ɗauri. Ta koyi zama a bakin kujera da ɗuwawu ɗaya. Ta koyi mayar da abin ciki da yatsa kafin fitsari ya yarda ya fita. Ta koyi barin taro da wuri, ana cewa ba ta son mutane. Da ba don wata safiya da fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya ba, har maƙwabta suka kwashe ta zuwa asibiti, da har yau 'ya'yanta ciwon baya suka sani.

Likitar ta zauna ta jawo takarda. "Bari mu yi magana ni da ke tukuna, kafin..."

Ƙofa ta buɗe. Babban ɗan Mai Kwanuka ne, wanda kowa ke kira Injiniya, waya a hannu, mukullin mota a ɗayan. Auta na biye da shi da jaririya a kafaɗa.

"Likita, ki yi haƙuri, ni ne babba. Ana jira na a wurin aiki. Gara mu ji gaba ɗaya."

Likitar ta dubi Mai Kwanuka. "Mama, su zauna?"

Me za ta ce? Yaron ya bar aikinsa ya zo. "Su zauna," in ji ta.

Likitar ta zana wani abu mai kama da tulu a kife, ta ja masa layuka ta gefe da gefe. Ta ce mahaifa a rataye take da jijiyoyi, kamar shanya a kan igiya. Haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi da shekaru su ne suka saki igiyoyin, mahaifar ta zazzago, mafitsara ma ta biyo bayanta. Tun da zobe bai karɓe ta ba, sai aiki. Kuma aikin iri uku ne.

"Na farko, ta ƙasa za mu bi, ba a yanka ciki. Mu cire mahaifar, mu ɗinke bangon da ya saki, mu ɗaure abin da ya rage a jikin wata jijiya mai ƙarfi a ƙugu. Yana kyau, sai dai a wasu matan yakan sake saukowa bayan shekaru. Na biyu ta ciki ake bi, a sa wata raga mai laushi a rataye wurin a jikin ƙashin baya. Ya fi ƙarko, amma dogon aiki ne da dogon barci, ga hawan jininki ga suga. Ita ragar ma takan dami wasu. Duka biyun, sai kin yi watanni ba ki ɗaga abu mai nauyi ba."

"Na ukun fa?" in ji Injiniya.

"Na uku shi ne mafi sauƙi a jiki. A mayar da komai ciki, a ɗinke hanyar, a rufe. Gajeren aiki ne, ba sai an sa ta barci ba, kuma da wuya ya dawo. Amma ba a warware shi. Bayansa babu kwanciyar aure, har abada. Shi ya sa ba ma yi sai wa macen da ta tabbata ta gama da wannan."

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya hular da ba ta karkace ba. Injiniya ya yi gyaran murya, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya.

"To ai magana ta ƙare. Baba ya daɗe da rasuwa. A yi na ukun."

"Mama nake tambaya," in ji likitar.

"Haba likita. Ana yi wa uwa irin wannan tambaya a gaban 'ya'yanta?"

"Shi ya sa na so ku jira a waje."

Auta ta yi 'yar dariyar kunya. "Umma fa jikoki gare ta, likita. Babbar jikarta ta kusa gama makaranta."

Dukkansu suka juyo suna kallon uwar. Mai Kwanuka ta dubi zanen da ke kan tebur, tulun nan a kife. Ta ji muryarta ta fito tun kafin ta ba ta izini.

"Duk abin da suka ce."

Likitar ta ɗan jima tana kallonta, sannan ta rufe biro. Ta ce ba yau za a yanke ba, a je a yi tunani, a dawo wani mako. Injiniya ya ce babu wani tunani, amma ya gode, ya riga su fita.

A mota sanyi ya yi mata yawa, ba ta ce a rage ba. Injiniya yana tuƙi yana tsara yadda za a yi. Matarsa ba za ta samu hutu a ofis ba. Auta ga goyo, ga mijinta ba ya son ta kwana a waje. In an yi ƙaramin, wato na ukun, 'yan kwanaki ne ta miƙe, kowa ya huta. In kuwa babban ne, wa zai zauna da ita wata da watanni?

"Kuma ga haɗari, Umma. Kin ji abin da ta ce a kan hawan jininki. Ni ba zan iya rasa ki a kan abin da ba shi da amfani ba."

Da gaske yake, ta sani. Daga kujerar baya ta zuba wa ƙeyarsa ido. Ƙaton kai, tun yana ciki. Ta tuna ungozoma durƙushe a kanta tana danna mata ciki da gwiwar hannu, ta tuna yadda wani abu ya tsinke a can ƙasa, ta ji shi sarai, kowa kuma yana murna an samu namiji. Wannan kan ne ya fara sakin igiyar. Sauran suka zo suka ƙarasa.

"Abin da ba shi da amfani," ta maimaita a hankali.

"Na'am, Umma?"

"Na ce ka sauke ni a kasuwa."

"Ki je gida ki kwanta mana," in ji Auta.

"Kwanciyar ce za ta buɗe mini shago?"

Shagonta yana tsakiyar layin masu kayan girki, ɗan ƙarami, cike har rufi da kwanuka da tukwane da farantan tangaran a cikin kwalaye. Kullum da safe sai ta fito da rabinsu ta jera a waje, da yamma ta mayar. Da wannan ɗagawa da saukewa aka biya wa Injiniya karatu har ya zama injiniya. Ta buɗe ƙofa, ta jawo kwalin farko da ƙafa, don yau ba ta jin za ta iya sunkuyawa.

Mai Robobi, maƙwabciyarta ta dama, ta leƙo tana taunar cingam. "Sai yanzu? Mutumin naki ya yi sintiri a layin nan har takalminsa ya kusa cinyewa. Na ce masa in bai saya ba ya daina tare mana ciniki."

"Ke dai ba kya girma."

"In girma in zama ke? Mutum yana binki kamar akuya ta ga ganye, kina ta a dakata, a dakata. In ba kya so ki ba ni, ni ba na dakatawa."

Mutumin shi ne Mai Tabarau. Teburinsa yana bakin layin, ya jera gilasan karatu a kan jan ƙyalle. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse cikin duniya. Farkon saninsu, ta je ne neman abin da za ta riƙa ganin lambobin waya da shi. Ya gwada mata wannan, ya gwada mata wancan, sannan ya ja baya ya karkata kai ya ce, "Wannan ne ya dace da fuskarki." Ta koma shago tana jin zafi a kunnuwanta. Ta manta rabon da wani ya lura tana da fuska.

Marigayi mijinta ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar su da yunwa ba. Amma a tsawon zamansu bai taɓa zuwa mata da magana a bakinsa ba. Ya zo, ya gama, ya juya baya. Ta haifa masa 'ya'ya ba tare da ta san ko akwai wani abu bayan wannan ba. Da Mai Tabarau ya fara tsayawa a ƙofar shagonta yana jan hira, yana magana a hankali, yana riƙe gilashi da yatsu biyu kamar zai ji masa ciwo, sai ta kama kanta tana tunanin abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Bara ya ce yana son aurenta. Ta ce a dakata. Ya sake tambaya, ta sake cewa a dakata. Ta yaya za ta shiga ɗakin mutum da wannan abu a tsakanin ƙafafunta?

Rana ta ɗan karkata sai ga shi, yana jan ƙafar hagu kamar kullum. Ya yi sallama, ya zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa.

"Maƙwabciya, ya jikin? Me suka ce game da bayan?"

Ta dubi dama, Mai Robobi tana can tana ciniki da wasu mata. Ta ajiye farantin da take gogewa. In ba ta faɗa yau ba, ba za ta taɓa faɗa ba.

"Ba baya ba ne," in ji ta. "Ban gaya maka gaskiya ba. Ciwon mata ne, irin wanda haihuwa ke bari. Shi ya sa nake ta ce maka a dakata."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai kawar da kai ba, kuma ta ji daɗin hakan. Sai ta ci gaba, idonta a kan farantin, tana zaɓen kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce aiki za a yi. Akwai babba, wanda zai gyara ta ta koma kamar kowace mace, amma da wahala da doguwar jinya. Akwai kuma ƙarami, wanda yara suke so. Shi wannan in an yi, to ita da zama matar wani, ta wannan fuskar, an gama.

Ta ɗago ido ta dube shi. Zuciyarta tana bugawa kamar ta yarinya.

Mai Tabarau ya sauke dogon numfashi, sannan ya yi murmushi, murmushi mai kyau, har da girgiza kai.

"Wannan ne kawai? Haba maƙwabciya! Da kin faɗa tun bara ai da yanzu mun daɗe a gida ɗaya. Ki bar su su yi ƙaramin. Wallahi ko a jikina."

"Ko a jikinka."

"Ni da ke yanzu me ya rage? Mun zama kamar wa da ƙanwa. Ni ba don wannan nake nemanki ba, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba." Ya dafa gwiwarsa. "Dubi ƙafar nan. Da safe sai na yi da gaske nake saka takalmi. Maganina ma mantawa nake, in sha na dare da rana. Matar ɗana tana aiko da abinci, amma gishiri kamar da gayya. Ni mutum nake so a gida, mai hankali, mai tsafta, wanda in na faɗi a banɗaki zai ji. Tun ranar da na ga yadda kike goge kayan nan ɗaya-ɗaya na ce wannan ita ce."

Yana faɗa yana kallonta da tausayi, yana jiran ya ga ta saki rai. Kyauta ya kawo mata, a ganinsa, kuma babba.

"Ko sau ɗaya," in ji ta.

"Ko sau ɗaya. Ki kwantar da hankalinki." Ya mayar da hularsa. "Shi ƙaramin, sun ce yaushe za ki iya komawa aikin gida?"

Wata mata ta tsaya tana taya tukunya. Mai Kwanuka ta tashi ta sallame ta, ba ta ma ja cinikin ba. Da ta dawo ta tsaya a tsaye.

"Ka bar teburinka ba kowa," ta ce masa.

"To me zan sa a rai?"

"Za ka ji."

Ya tafi yana jan ƙafa, har da waiwayowa ya ɗaga mata hannu. Ta bi shi da kallo. Ba ta ji haushinsa yadda ta so ta ji ba. Dattijo ne mai ciwon ƙafa yana neman wanda zai miƙa masa ruwa, ina laifinsa? Abin da ya tsaya mata a rai shi ne shekara guda da ta yi tana jin kunyar mutumin da bai ma taɓa kallon wajen ba.

Ta fara mayar da kaya ciki tun rana ba ta faɗi ba.

"Lafiya?" in ji Mai Robobi. "Ko an sa rana ne?"

"Yanzu zan je a sa."

A cikin bas babu wurin zama, ta tsaya riƙe da ƙarfe. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji abin ya ja ta ƙasa. Wani saurayi ya tashi ya ce, "Zauna, Kaka." Ta zauna a bakin kujerar, a karkace, ba ta gode masa ba.

Ta tarar an fara share barandar asibitin. Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce an rufe ganin likita, ta dawo ranar da aka ba ta. Nas ɗin tana cikin magana sai ga likitar ta fito, ta cire farar riga, jaka a kafaɗa, gajiya a fuska. Ta gane ta.

"Mama? Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Likitar ta dubi agogon hannunta, ta dubi tsohuwar, sannan ta ja ta gefe kusa da taga, inda mai shara ba za ta ji ba.

"Ɗazu kin yi mini tambaya ban ba ki amsa ba," in ji Mai Kwanuka. "Ba na son na rufewa."

"To. A sauran biyun, na farko zai fi dacewa da jikinki, wanda ba a yanka ciki. Amma sai mun daidaita jininki da suga tukuna. Kuma kin ji na ce yana iya dawowa."

"In ya dawo, ai mun san juna."

Likitar ta kusa yin dariya. "Za ki ji jiki fiye da ƙaramin, ba zan ɓoye miki ba. Kuma kwalayen nan, ko ɗaya ba za ki taɓa ba sai na ce. Wa zai zauna da ke?"

"Na zauna da mutane da yawa a rayuwata. A cikinsu a samu ɗaya."

"In ba a samu ba fa?"

"Sai in ja jiki. Ba yau na fara ba."

Likitar ta gyara jakarta. Ta rage murya. "Ba dole ki amsa ba, Mama. Akwai maganar aure ne?"

"Da safe akwai."

Likitar ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce ta zo ranar da aka ba ta, a ɗebi jini, a sa ranar aiki. Ta ce kuma wannan karon ita kaɗai za ta shigo ɗakin, masu rakiya su jira a benci.

Tana tsaye a bakin titi tana jiran bas, waya ta yi ƙara a cikin jakarta. Injiniya ne.

"Umma, kin isa gida? Na yi magana da Auta. In an yi ƙaramin ranar da ba na aiki, ni zan kai ki in dawo da ke, shi ke nan."

"Na koma wajen likitar."

"Yau? Wani abu ya faru?"

"Na gaya mata ba na son na rufewa. Na farkon za a yi."

Tana jin ƙarar talabijin a bayansa, da muryar matarsa tana kiran yara. Da ya sake magana, a hankali ya yi, kamar mai taka wurin da yake tsoron ya rufta.

"Umma... saboda wa?"

Bas ta tsaya a gabanta, kwandasta yana buga ƙofa yana kiran fasinja. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ta dakata abin ya daidaita.

"Dole sai saboda wani?" in ji ta.

Ta kashe wayar, ta kama ƙarfe, ta hau.